Gida sabo fil, mi za a duba kuma? Amsa ga malamar da za ta sayi gida a Yamai

Wata malamar makaranta ta turo tambaya, ta ce banki ya yarda ya ba ta bashi za ta sayi gida can wajen Changare, ɗaki uku da salo, rufin dal, ba wanda ya taɓa kwana ciki, mai shi ya gina ne don saidawa. Abokin aikinta ya ce ta nemo masanin gini ya duba kafin ta biya, yayan mijinta kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce kawai, tsohon gida ake dubawa ba sabo ba. To wanne za ta bi?

Malama, Allah ya sanya alheri, ki bi maganar abokin aikinki. Ni teknisiyan ne na gini, a shantiye nike yini, kuma ina roƙon ki kar ki saki kuɗin nan sai wani wanda ya san aiki, wanda ba ruwanshi da mai saidawa, ya shiga gidan ya fito. Yaya ba mugun nufi gare shi ba, tausayin aljihunki yake ji, amma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne tsohon gida ya fi sauƙin ganewa. Gidan da ya ga damana 10 ya riga ya faɗi duk abin da ke cikinshi, inda yake yoyo za ki ga tabo a plafon, inda ƙasa ta zauna za ki ga tsaga a bango, maƙwabta ma za su gaya miki ko ruwa na shiga. Sabon gida kuwa ba abin da ya gwada shi tukuna. Da yawa cikin gidajen saidawa ana fara su bayan damana, a gama cikin rani, a shafa fenti a sa su kasuwa kafin watan Yuni, ke nan ko ɗigon ruwa bai taɓa sauka kan dal ɗin ba, ba a taɓa kunna kilim biyu da firji lokaci guda ba, ba a taɓa cika fos, wato ramin ƙazantar banɗaki, ba. Ke ce za ki zama gwajin farko, da kuɗin bashi, da yaranki a ciki. Fenti kuwa kamar lalle ne a ƙafa mai kaushi, ja zai yi kyau amma faso na nan ƙarƙashi.

Sannan ki tuna wanda ya gina don ya saida lissafinshi dabam da na wanda ya gina don ya zauna. Ba ina cewa duka macuta ba ne, a'a, akwai masu tsoron Allah kuma na yi aiki da su. Amma ko mai gidan mutumen kirki ne ba shi ke kwaɓa sima ba, ya ba tashero ne, wato ɗan ƙaramin kwangila, tashero ya ba mason, mason ya bar yara ƴan aiki da shebur ya tafi wani shantiye, kuma kowane ɗayansu ribarshi tana cikin abin da ya rage. Abin da ake ragewa kuma kullum shi ne wanda ido ba ya gani, ba wanda zai rage miki karo na salo ko fitilun ƙofa don su ne ke saida gidan.

Bari in ba ki lissafi kaɗan don ki gane. Beton na poto (ginshiƙi) da dal da shenaj (ɗamarar da ke ɗaure bango), wanda ke da ƙarfe ciki, ƙa'idarshi kilo 350 na sima a kowace mita kib ɗaya, buhu 7 ke nan na kilo 50. In anka zuba buhu 5 maimakon 7 ba wanda zai gane da ido, launi ɗaya ne, amma ƙarfin ba ɗaya ba. Bulo na 15 mai rami, wato mai kaurin santimita 15, buhu ɗaya kamata ya yi ya fid da kamar 25 zuwa 30, amma akwai masu ja har 45 ko 50, irin bulon da in kin sa ƙusa kin kankare sai ya riƙa zuba kamar gari. Simar kanta ba ita ke da laifi ba, ko ta Malbaza ce ko wadda ta shigo daga waje, in an auna daidai za ta yi aiki, sai dai in ta daɗe a ajiye ta sha raɓa ta yi dunƙule. Ƙarfe ma haka, a plan an rubuta na 12, wato mai kaurin milimita 12, a shantiye an sa na 10, ko an sayo wanda ake kira na 12 amma in ka sa ma'auni bai kai ba, ko an buɗa tazarar zoben poto don a rage yawansu. Ga kuma ƙarfen da anka shimfiɗa kai tsaye kan katako ba a ɗaga shi ba, alhali ya kamata beton ya rufe shi da santimita 2,5 zuwa 3, in bai rufu ba danshi zai kai gare shi ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fasa beton daga ciki, bayan ƴan shekaru sai ki ga ƙasan dal yana ɓantarowa.

Abin da ya fi ci mini rai a Yamai shi ne ban ruwa. Beton ba bushewa yake ba, da ruwa yake yin ƙarfi, sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi, kuma satin farko dole a riƙa jiƙa shi safe da yamma. To a Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, ko lokacin hunturu da iska ke shanye komi, a unguwar da ba robine sai an sayi ruwa wajen ƴan garuwa, wa kike jin zai tsaya yana jiƙa dal kwana bakwai in ba mai sa ido? Sai a zuba yau, gobe a watsa mishi bokiti biyu, an gama. Sannan a cire katako da sandunan tokara da wuri don ana son kai su wani aiki, alhali dal na son kamar sati uku kafin a sake shi. Duk wannan ya faru watanni kafin ki ga gidan.

Za ki ce to tunda an riga an rufe komi, masanin mi zai gani? Gaskiya ba zai ga duka ba, shi ya sa wanda ke gina nashi nike ce mishi ya kira mu tun ana haƙar fondasiyo, a sake kira kafin a zuba dal lokacin da ƙarfe ke fili, a sake kafin a yi yaɓe a rufe wayoyi da tiyo. Amma ko a gidan da anka gama akwai hanyoyi. Akwai wata na'ura da ake ce ma sikileromet, wani injiniya ɗan ƙasar Suwis mai suna Ernst Schmidt ya ƙirƙiro ta, ana danna ta jikin beton ta buga ta dawo, yadda ta dawo yana nuna taurin wurin, sai dai dole a kankare yaɓe kaɗan a samu beton ɗin kanshi. Akwai na'urar da ke gano inda ƙarfe yake da zurfinshi. Ana iya haƙa ƙaramin rami gefen bango daga waje a ga zurfin fondasiyo da irin ƙasar da ya zauna kai, a mai da ƙasa a rufe. In shakka ta yi yawa, musamman gidan da kike son ƙara bene kai nan gaba, ana yanko ɗan guntun beton a kai ɗakin gwaji na ƙasa, LNTP/B, nan Yamai, a matse shi a inji a ga iyakar ƙarfinshi. Kuma wanda ya saba, bayan katangar da ba a yaɓe ba da ragowar bulon da anka bari a tsakar gida da saman dal sun isa su gaya mishi irin hannun da ya yi aikin. Maganar bene ki riƙe ta da kyau, masu saidawa na son cewa "an yi fondasiyon etaj", don kin ga ƙarafuna sun leƙo saman rufi ba shi ke nuna ƙasa za ta ɗauka ba, ki nemi plan ɗin ƙarfe da sa hannun wanda ya yi lissafin.

Tsaga kuma iri-iri ce, kar a tsorata ki kar kuma a yaudare ki. Ƴan sirara kamar gashi da sunka bazu a yaɓe, yawanci yaɓen ne ya bushe da sauri, ba matsala ba ce babba. Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo kamar matakala, ko wadda ta huda bango ana ganin ta ciki da waje, in faɗinta ya kai milimita 2 to akwai abin da ke motsi a ƙasa. A sabon gida ana cike su a shafa fenti, amma in an haska tocila a kwance jikin bango wurin da anka yi ciko yana fitowa.

Yanzu ruwa, wanda a garin nan shi ne babban alƙali. Kafin masani ya shiga ɗaki ma ya kamata ya tsaya a titi ya duba, daɓen gidan ya fi hanya tudu ko hanya ta fi shi? Ina ruwan unguwar ke bi in an yi sama? A sabbin unguwanni da ba kanibo, kowa na cika gabanshi da laterit, titi na ƙara tashi kowace shekara, gidan da yau yake daidai da hanya bayan shekara kaɗan ya koma rami. Kin tuna Satumba 2020 da kogin Isa ya kai wajen mita 7, dig ɗin da ke tare kogin ta ɓalle ta wajen Lamorde, ruwa ya mamaye Karaje da Kirkisoye da sauran unguwannin Harobanda, ba gidajen laka kaɗai sunka sha wuya ba har da na sima. Damanar 2024 kuma ta taɓa ƙasar duka, har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi. Changare nesa take da kogi, na sani, amma ruwan sama ma yana da hanyarshi, dubi yadda kwarin Guntu Yena ke ratsa gari, kuma akwai wuraren da da can kwari ne ko tafki ko ramin da anka ɗebi ƙasa, anka cika da shara da yashi anka yanka parsal. Gidan da ya zauna kan irin wannan ciko ba a daddanne ba zai zauna a hankali, karo ya fara ƙara kamar ganga in an taka, bango ya buɗe. Ki je da kanki ki gai da tsofaffin unguwar, ki tambayi mai shagon kusa yadda layin yake a watan Agusta, ki dubi ƙasan katangun maƙwabta ko akwai layin da ruwa ya bari. Wannan ba ya son ko dala.

Rufin dal gwajinshi mai sauƙi ne kuma shi ne wanda masu saidawa sunka fi ƙi. A toshe indararo, a cika saman da ruwa kamar santimita 5, a bar shi kwana ɗaya zuwa biyu, a shiga ɗakuna a duba sama. In akwai yoyo zai nuna. Bayan an buɗe indararo a duba ko ruwan ya tafi duka, don ya kamata a yi gangara kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, inda ruwa ya kwanta nan ne zai fara ci. Na shiga wani gida sabo da matar ta riga ta kai kujeru, munka yi gwajin nan, kafin gari ya waye ruwa na ɗiga ta ramin fitilar salo, ta cikin tiyon waya ya biyo, ki duba haɗarin nan, ruwa da wuta a rami guda. Inda rufin tol ne kuma, kamar kicin na waje ko baranda, a hau a ga yadda anka ɗaure shi da shenaj, don iskar da ke zuwa gaban hadari daga gabas ba ta wasa, rufin da anka ɗora ma bulo kawai tafiya yake.

Wuta ita ce inda nike so ki fi tsananta, don tsaga tana ba da lokaci, gobara ba ta ba. Kontar NIGELEC da kinka gani a ƙofa ba shaida ba ce cewa wayoyin da ke cikin bango lafiya suke. Ƙa'ida ita ce waya ta 1,5 (lambar kaurin jan ƙarfen ciki ke nan) don fitilu, ta 2,5 don priz, kilim da abin dumama ruwa kuma kowane da layinshi da dijonkter nashi, wato abin da ke yanke wuta in ta yi wa layi yawa, in babba ne a sa ta 4. Abin da muke tararwa shi ne gida duka an ja shi da 1,5, ko waya mai arha wadda roba ta yi kauri jan ƙarfen ciki ɗan siriri, an haɗa a cikin bango an naɗe da salatif ba akwati. Ranar da anka kunna kilim da firji da abin guga cikin zafin Afrilu wayar za ta yi zafi cikin bango inda ba mai gani. Masani zai buɗe tablo, wato akwatin da ke rarraba wutar gida, ya ƙirga layuka, ya cire priz biyu uku ya ga kaurin waya, ya duba ko akwai diferansiyel na 30 mA, wanda shi ne ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido in ta kama mutum, sannan ya auna wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa. Sau da yawa za ki ga priz mai ƙafa uku amma ta ukun ba a haɗa ta da komi ba, ko an kafa ɗan guntun ƙarfe cikin busasshen yashi an ce an yi. Gidan da ke da yara da banɗaki mai abin dumama ruwa, wannan maganar rai ce, kuma gyaranta kafin a shiga ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Tiyon ruwa: a rufe duk robine a dubi kontar, in tana juyawa akwai inda ke zuba ƙarƙashin karo. In ba a kawo ruwa unguwar ba tukuna akwai famfon hannu da ake matsa ruwa cikin tiyo a ga ko awon zai sauka. A zuba bokiti a kowane banɗaki a ga ruwa ya nufi magudana ko ya nufi ƙofar ɗaki. A buɗe murfin fos a leƙa, an raba ta ɗaki-ɗaki? an yaɓe cikin? akwai tiyon fitar iska? ina puwizar yake, wato ramin da ruwan fos ke tsiyaya ya shige ƙasa, bai manne da fondasiyo ba? Wasu rami ɗaya kawai suke yi su rufe da dal su ce fos. In akwai rijiya ko foraj a gidan ko na maƙwabci, tsakaninsu da ramin ƙazanta kar ya gaza mita 15, in ya fi haka ma ya fi.

Sauran ƙananan abubuwa ke ma za ki iya, ƙwanƙwasa karo ki ji wanda ba shi da sima ƙasa, buɗe kowace ƙofa da taga ki rufe, ki duba hanyar gara jikin katako da gindin bango, ki tambaya ko an zuba maganin gara kafin daɓe.

Takardu kuma kar ki haɗa su da lafiyar gini, abu biyu ne. Permi na gini daga meri yana nuna an yarda da plan ne, ba ya nuna abin da ke cikin poto, kuma gidaje da yawa ma ba su da shi. Akt de sesiyon ko titir fonsiye, wato takardun mallakar fili, aikin notar ne ya tabbatar sunan mai saidawa ne a kai kuma ba a jinginar da shi wani wuri ba, jiyomet, mai awon fili, kuma ya duba born, alamun iyaka, ko katanga ba ta ci hanya ko filin maƙwabci ba. Mutumen da banki zai turo yawanci darajar gidan yake kimantawa don bashinsu, ba zai hau rufi da tiyon ruwa ba.

Wa za ki kira? Injiniya ko teknisiyan na jeni sibil, ko wani biro na kontrol, ko arshitekt mai rajista, ya zo da mai wuta wanda ke da na'urar awo. Sharaɗi ɗaya ne ba na sassautawa, kar ya zama dillali ne ya kawo shi ko mai gidan, kuma ke za ki biya shi da hannunki. Mason na dangi yana da amfani, idonshi na gane yaɓe da bulo, amma ba shi da kayan awo kuma kunya za ta hana shi faɗin wani abu gaban abokin sana'arshi. Ku yi ciniki tun farko cewa zai ba ki rahoto a rubuce da hotuna da sa hannu, ya raba abin da ke haɗari da abin da ke na kwalliya, ya kimanta kuɗin gyaran kowane. Ki kasance wurin ranar, ke da maigidanki, ku gayyato Yaya ma ya gani da idonshi, da rana za a yi ba da magariba ba. Kuɗin aikin ya danganta da girman gida da gwajin da za a yi, amma in kin kwatanta da bashin da za a riƙa cira daga albashinki shekara da shekaru, ko da kuɗin fasa karo a sake tiyo, za ki ga ba wani abu ba ne.

Amfanin rahoton shi ne yanzu kuɗi na hannunki, maganarki na da nauyi. In abin da anka samu ƙanana ne, mai gida ya gyara kafin a sa hannu ko a rage daga farashi. In babba ne kamar fondasiyo ko gida cikin hanyar ruwa, ki haƙura da shi ko ya burge ki, wani na nan. A manyan ayyukan gwamnati ma haka ake yi, ana karɓar gini karɓar wucin gadi, a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, galibi 5 cikin 100, sai bayan shekara in ba abin da ya ɓaci a yi karɓar ƙarshe a ba shi. Ke ma ki nemi a rubuta irin wannan gaban notar, a riƙe wani abu har damana ɗaya ta wuce, ba kowane mai saidawa zai yarda ba amma ki gwada, ko bai yarda da riƙe kuɗi ba ya sa hannu cewa yoyo da tsagar da sunka fito cikin shekarar farko shi zai gyara.

Ki kira mai gidan ki ce mishi cikin ladabi, Alhaji ina son gidan, amma zan kawo mai dubawa, za mu cika rufi da ruwa kwana biyu mu buɗe tablo da fos mu haƙa ɗan rami gefen bango, abin da munka ɓata mu za mu gyara. In ya ce bismilla, ku sa rana tun kafin banki ya saki kuɗin. In ya fara cewa akwai wani mai saye da ke jira gobe, ko ya ce ba a taɓa mishi gini, to kar ki ba da ko abans.